Tarin Shugaban Makaranta

Uwar yarana,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Auta ya fara tafiya?

Ni lafiya lau, barci ne dai ya ƙaurace mini. Ina koya wa yara aikin kafinta, na kwaikwayi tarin shugaban makaranta, ashe yana bakin taga. Kwamitin ladabtarwa ya ce in maimaita. Na maimaita, mataimakin shugaban ya yi dariya har da hawaye.

Kwantar da hankalinki, ba a kore ni ba. Mun daidaita: ran Litinin zan ba shugaban haƙuri gaban ɗalibai. Amma ya ce ko yaro ɗaya ya yi dariya, in haɗa kayana. Ke kuwa kin san fuskata in ina ƙoƙarin natsuwa.

A taya ni da addu'a.

Mijinki