Mijina ya auna ƙofar ɗakinmu

Anti, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta kusa fashewa. Maigidana tela ne. Shekarun baya ƙafarsa ta dama ta fara yi masa nauyi a kan keken ɗinki, likitoci suka ce MS ce, cutar da ke cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Takan taso ta lafa, amma bana ko ta lafa sai ta bar masa saura.

A layin asibiti akwai wani direba mai irin ciwon. Bara da sanda yake zuwa, bana a keken guragu ake turo shi. Tun da maigidan ya gan shi ya sauya. Mutumin da ke tsokanata wai ƙuguna ya fi ƙarfin tef ɗinsa, yanzu ko murmushi sai na roƙa. Ya koma shan taba, ya ajiye magani, wai asara ce. Shekaranjiya na shigo da shanya na same shi durƙushe yana auna faɗin ƙofar ɗakinmu da tef, yana duba ko keken guragu zai wuce. Na koma bayan gida na yi kuka har na gode Allah.

Anti, da gaske baɗi shi ma haka zai koma?

Matar tela

Ƙanwata, sannu. Tsoronsa ba shirme ba ne, don cutar nan takan nakasa wasu. Amma ba ta tafiya da sauri ɗaya a jikin kowa. Wani yakan yi shekaru masu yawa a kan ƙafarsa, wani ta yi masa gaggawa, kuma ko likita ba ya iya yanka rana.

Abin da ya fi damuna shi ne ya ɗauki abubuwa biyu da ke ƙara mata gudu: taba da barin magani. Ki lallaɓa shi ku koma asibiti a makon nan. Ki gaya wa likita komai, har da damuwar da ta rufe shi, ita ma tana da magani. Ku nemi a koya masa motsa jiki. Zafin dutsen guga kan tayar da alamun na ɗan lokaci, don haka wani ya karɓi gugar. In ƙafa ta gaza, keken ɗinki na lantarki ba ya son taku da ƙarfi.

Kada ki yi masa faɗan ƙofa. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi ko ya taɓa ɗinka wa mutum riga da awon wani. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.