Bakina Ya Tona Ni Gaban Suruki

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da Inna. Yaya ƙafar taka? Mu nan Agege sai godiya.

Ka san yadda nake hantarar yara kan kallon fim. To, ranar Juma'a muna zaune a shagon Audu tela, matasa suna gardama kan 'yan wasan da aka zaɓo don gasar finafinan bana. Wannan ya ce wane zai lashe, wancan ya ce sai wance. Da na ji ba a sa matar da ta fito a matsayin uwar makaho a wani fim ba, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Zalunci ne! Ba ku ga kukanta a bakin rijiya ba?" Har muryarta na kwaikwaya.

Kowa ya juyo yana kallona. Audu ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Baba, ashe kai ma?" Ina juyawa sai ga surukina Bashir, wanda na yi wa faɗa don ya saya wa 'yata Rabi talabijin. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Jiya ya aiko Rabi ta tambaye ni wa nake ganin zai ci. Har yau na kasa haɗa ido da shi.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya rufa asiri. Ka gaida kowa, amma kada Inna ta ji. Matar fim ɗin nan kuwa, wallahi an cuce ta.

Yayanka,
Garba