Waƙar da Ba a Amsa Ba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya mutanen garinmu Cattaraugus? Ya 'yata Nora? Har yanzu tana zuwa shingen kudu ta tsaya tana rera waƙar nan? Kada ki ɗauke ido daga kanta. Ban manta ba, haka ƙanwarki Velma ta fara, har ranar da ta tsallake shingen ba a sake ganinta ba.

A ɗakin adana tarihin nan an ba ni tsofaffin faya-fayen da Turawa suka naɗa a garinmu. Inna, na ji muryar kakarki tana rera waƙar da muke lallashin yara da ita, wadda ba mu san ma'anarta ba. An rubuta a jiki wai ta ƙabilarmu ta Seneca ce.

Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Cherokee, Iya Ollie, ta zo sauraron na mutanenta. Tana jin namu ta ajiye sandarta.

"Ke 'yar nan, wa ya ce miki ta reno ce? Tamu ce. Wanda ya ɓace a daji ke rera ta, na gida su amsa, ya bi muryarsu."

Sai na tuna yarinyar da kakanninmu suka kamo daga ƙasar Cherokee can kudu lokacin yaƙi, suka ba ta sunan 'yarsu da ta rasu. Tsatsonta ne mu. Ashe kiran gida take yi, mu kuma muka gaji kiran muna zuba wa jarirai a kunne.

Iya Ollie ta san amshin, zan roƙe ta ta amsa kiran. Ina tsoro, amma na fi tsoron shingen nan.

'Yarki,
Loretta

Inna,

Ina gaishe ki, ki shafa min kan Nora. Saƙonki ya iso. Kin ce tun Talata da la'asar ta bar shingen, ta shigo tana neman faten masara. Na yi kuka.

A la'asar ɗin ne na kunna faifan. Da kakarki ta kai ƙarshen baiti, Iya Ollie ta amsa da 'yar muryarta mai rawa. Faifan nan na saurare shi har na haddace, na san baiti uku ne. Ran nan daga na farko muryar kakarki ta tsaya. Muka ji an ja numfashi, sai shuu kawai. Ma'aikacin wurin ya duba, ya ce faifan lafiyarsa ƙalau.

Iya Ollie ta ɗauki sandarta. "Yarinyar nan ta dai sha hanya," in ji ta.

Jiya ina wanke-wanke na so in rera, ko kalma ɗaya ba ta zo min ba. Kewarta nake ji kamar an yi min rasuwa. Da ita kika rene ni.

Ki gwada rerawa, Inna. In ke ma waƙar ta ɓace miki, to yarinyar ta isa gida. In kuma kin tuna, kada Nora ta ji, don ƙila Velma ce ke kira, ita ba a amsa mata ba.

Taki har kullum,
Loretta