Aljihun Haliru

Bodinga

Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Shagari. Ya ciwon ƙafar?

Kin tambayi yadda nake cikin takaba. Da sauƙi. Damuwata 'yan dabbobin nan ne da marigayi Haliru ya sayo a Legas da ya kai albasa, masu kama da kurege, masu buɗe fatar gefensu su yi shawagi, waɗanda kike ce wa ɓeraye masu laya. Macen ta bi shi lahira. Namijin, Rake, ya bar cin ayaba, ya bar lilonsa, kuma irinsu kaɗaici na kashe su. Da yake a aljihun Haliru ya saba barci, na rataye masa rigar marigayin da ba a wanke ba. Ya shige, ya fara ci kaɗan. Ni ma nakan sansana rigar.

Abu ɗaya ne ba na so. Da magariba yakan zuba wa ƙofa ido yana haushi kamar ɗan kwikwiyo, alhali babu kowa.

Ƙanwarki,
Atika

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

An raba kayan sawa, rigar ta faɗa rabon Shaihu, ƙanin Haliru. Na roƙe shi ya maido. Ya maido kuwa, amma matarsa, don ta kyauta mini, ta wanke ta fes, ta goge, har da turare. Rake ya leƙa aljihun ya juya. Yanzu yana kusurwa yana tsige gashin jikinsa. Na yi wa matar Shaihu godiya da baki, na shiga ɗaki na yi kuka. Idan ya mutu, babu sauran mai jiran Haliru a gidan nan sai ni.

Taki,
Atika

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki, ki gaishe da yara.

Rake ya warke. Yana ci, yana lilo, gashi na fitowa, kuma ba ni na yi maganin ba. Kullum da an idar da magariba yakan hau saman labule ya taso wajen ƙofa, yadda ya saba tarar Haliru in ya dawo daga masallaci. Tun rasuwar Haliru a ƙasa yake faɗuwa. Jiya bai faɗi ba. Ya tsaya a sarari, daidai tsayin kafaɗa, ya lafe yana lumshe ido kamar ana shafa kansa. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da ya dawo hannuna, warin albasa da zufar Haliru ne a jikinsa.

Kada ki turo motar ɗaukata zuwa wurinki ranar fitata daga takaba. Tsoro nake ji, ban ɓoye miki ba. Amma a Shagari ban san a kafaɗar wa zai sauka ba.

Ƙanwarki,
Atika