Disket Ba Takarda Ba Ce, Mushe Direkta

Zuwa ga Mai Girma Direktan aikin raba iri na yankin Tawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Salamatu, mai buga takardu a ma'aikatarka, wadda ka dakatar ranar Litinin. Ka manna sunana a allon ƙofa, wai sakacina ne ya lalata disket huɗu na kwamfuta waɗanda a cikinsu muka adana sunayen manoman Affala da Tebaram da za a ba iri kafin damina. Tunda a bainar jama'a ka shafa mini kashin kaji, a bainar jama'a zan wanke kaina. Zamani ya sake, talaka ma ya samu baki.

Na ɗaya. Disket faifai ne siriri cikin ƴar riga mai laushi, ko matsi ba ya so. Ran da na kawo maka su, ka ce ba abin da zai shiga ma'ajiya sai da sa hannunka. Ka danna alƙalamin bik ka ja sa hannun nan naka mai wutsiya, ka kirɓa hatimi kamar mai sussukar gero, sannan ka sa aka huda su da ƙarfen maƙala takardu don a haɗa da takardar rakiya. Na ce a yi hattara. Ka ce kana mulki tun ba a yaye ni ba. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma mulkin takarda ka yi.

Na biyu. Idan na'urar kwamfuta tana kwafar aiki a disket, wata ƴar fitila tana kunne, kuma duk abin da ya katse ta a lokacin ya bar rubutun rabi da rabi. Kai kuwa da ka tashi tafiya gida sai ka aika a kashe injin wuta, ko sallama babu. Sau uku wuta tana ɗaukewa ina tsakiyar kwafa. Na rubuta maka roƙo a riƙa yi mini kashedin minti biyar. Roƙon yana teburinka, a kansa kake ɗora kofin shayi.

Na uku. Ina ka ajiye su? Bisa babbar rediyonka, a bakin taga, cikin zafin bazarar Tawa. A cikin lasifika akwai maganaɗisu, shi kuwa goge rubutun disket yake yi. Wata guda suna gasuwa kana jin labaru.

To a cikin ukun nan, wanne ne hannuna? Rashin sani ba abin kunya ba ne, ni ma koya mini aka yi. Abin da na raina shi ne babba ya yi ɓarna ya nemi ƙaramar ma'aikaciya ya rataya mata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata, ga shi yanzu ko kasuwa na shiga sai a nuna ni da baki.

Ga buƙatuna. A cire sunana daga allo, a maida ni bakin aikina. In kana shakka, a tara ma'aikata, in adana aiki a sabuwar disket, ka sa mata hannu da hatimi yadda ka saba, mu mayar cikin na'ura kowa ya gani. A kuma ba ni rajistocin da malaman gona suka rubuta da hannu, in sake buga sunayen, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, manomi kuwa ba ya shuka hatimi.

Ka yi sauri, Mushe Direkta, in ji masu Faransanci. Takardar dakatarwar da ka aiko mini da hannu aka rubuta ta, don duk ma'aikatar ba wanda ya san inda ake kunna na'urar.

Allah ya ƙara maka girma, ya haɗa maka da sani, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Salamatu, mai buga takardu,
Tawa.