Zafin Injinan Ɗakin Baya

Zuwa ga Baban yara,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Yaya aikin jirgin ruwa, yaya ciwon bayan nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna tana sa maka albarka.

Injinan nan uku da ka bari a ɗakin baya suna haƙo mana kuɗin intanet na kirifto sun jawo mini magana. Ashe fankar da ka kafa a taga tana hura zafinsu cikin shagon maƙwabciyarmu mai ɗinki. Ta kai ƙara wurin Yayanka. Ya shigo, ko zama bai yi ba, ya ce in kashe su, wai mace ba ta iya riƙe irin wannan wuta, zan ƙone gida da tsohuwa a ciki. Na kawo masa ruwa, na ce na ji. Ban kashe ba.

Mai ɗinki kam tana da gaskiya, na je na ba ta haƙuri. Daga nan na auna tagar da zare, na kai wa mai walda. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya naɗa mini bututun kwano. Na haɗa shi da fankar, na karkatar da shi zuwa sito, na sa raga a bakinsa, na ɗaura igiyoyin shanya. Kwanon ya yanke ni a tafin hannu, ɗinki uku, kada ka tayar da hankalinka. Mai gyaran wuta ya duba wayoyin, ya sauya guda.

Kwana shida ana ruwa, amma wankina kafin in gama girki ya bushe ƙarau. Bargon Inna ya daina warin danshi, tarinta ma ya lafa.

Taka har kullum,
Gajeriyarka

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, takardarka ta iso. Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci. Wato in bi maganar Yaya a sayar da injinan, a zauna lafiya? Ko hannuna ba ka tambaya ba.

Kai ka saye su, amma ni ke share musu ƙura kowace safiya, ni na san kukan kowanne. Yanzu mai wankin bakin titi a sitona yake shanya zannuwan gado, mai ɗinki ma ta kawo kayan jaririnta.

Jiya Yaya ya zo da mai saye, har da amalanke. Na tsaya a bakin ƙofa, na ce sai dai su ɗauke ni tukuna. Ya ɗaga murya, ya ce tun yaushe na zama injiniya. Inna ta fito da sandarta, ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta ce masa ƙasusuwanta sun fi shi sanin amfanin bututun nan. Mai sayen ya juya amalankensa ya tafi.

Ban taɓa saɓa maka ba, amma wannan karon ba zan sayar ba. In ka dawo, ka shiga sito ka gani. Idan har yanzu kana so a sayar, ka kashe su da hannunka, kana kallon idona.

Ka riƙa shan maganinka.

Matarka mai taurin kai,
Gajeriyarka