Man da Ke Kai Kunu Tsibiri

Zuwa ga Mudirin rumbun man jirage na bakin teku, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ka yi mini afuwa, Allah ya ƙara maka lafiya, da na shigo maka da maganar da ba ta kai ta ɗauke ka daga aikinka ba. Na san yanzu ne hidima ta fi yi muku yawa, jiragen alhazai na tafe, kowa na neman mai. Na daɗe ina juya abin a raina, in ɗauki alƙalami in ajiye, sai da na ga in na ci gaba da shiru wani ne zai cutu, ba ni ba. Bayan haka ina gaishe ka da aiki, ina gaida ma'aikatanka, da fatan mutanen gida suna lafiya.

Sunana Rakiya, ina zaune a unguwar Hindawiyya. A nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Hausa da ƙafa. Mijina, Malam Bukari, Allah ya jiƙansa, ya bar mini sambuki, wato jirgin ruwa na katako, mai inji, ɗan madaidaici mai shuɗin baki, wanda ke shan man dizil a rumbunku. Karatun allo na yi, da ajami nake rubuta wannan. Maƙwabcina zai juya maka ita zuwa Larabci, ta Hausar kuma za a karanta wa masu jiragenmu a kasuwar kifi, don maganar ba ta ɓoye ba ce.

Kafin in ce komai, bari in faɗi alherinku, kada a ji kamar kuka na zo yi. Tun da kuka buɗe rumbun nan ba a taɓa kawo mana mai da ruwa a ciki ba. Da can a wurin 'yan tanaka, masu sayar da mai a gwangwani, muke saye, injin ya yi ta tari a tsakiyar teku, ni kuma ina gida ina jan carbi. Awonku cikakke ne. Kun yi wa matuƙa rumfa da randar ruwan sha. Jirgin nan yana ci da ni, yana ci da gidaje uku bayan nawa, ban kwana da yunwa ba, ban nemi na kowa ba. Alhamdu lillahi, ina cikin rufin asiri.

Abu na farko shi ne yadda kuka tsara harajin mai tun bara. Na fahimce shi haka, in na yi kuskure a gyara mini. Man da jirgi ya ƙona wajen kamun kifi harajinsa mai sauƙi ne, don a tausaya wa masunta. Man da ya ƙona wajen haya, wato ɗaukar mutane ko kaya don kuɗi, shi ake biya wa cikakke. Da yake tankin jirgi ɗaya ne, sai kuka ce duk farkon wata mai jirgi ya zo, ko ya aiko wakili, ya zaɓi ɗaya cikin uku: ko duka kifi, ko kashi biyu cikin uku kifi ɗaya haya, ko duka haya. Sannan ya rantse a kai. Ban ga zalunci a wannan ba. Yawancin mutanenmu ta tsakiyar suke ɗauka, kuma ga yawancinsu gaskiya ce.

Abu na biyu shi ne jirgina yana da wani aiki da bai shiga ko ɗaya cikin sunayen nan biyu ba. Ka san tsibirin da ake tsare alhazan da suka sauka da rashin lafiya, har likita ya sallame su. A cikinsu akwai mutanenmu da suka tsallako daga Sudan, wasu sun yi shekaru a hanya, cikinsu ba ya karɓar shinkafa da burodi. Malam Bukari ya ga haka tun yana matashi, sai ya ɗora wa kansa kai musu kunun tsamiya duk lokacin aikin haji. Matan unguwarmu ke dakan gero, a gidana ake damawa, a zuba a manyan tukwane a ɗaure bakinsu da tsumma. Bayan la'asar jirgi ya kai, a ajiye a kan dakalin tsibirin a ja da baya, ba a taɓa kowa, da izinin likita. Washegari a tarar da tukwanen an wanke an kife. Wata rana aka tarar da ɗan ƙullin kuka a cikin ɗaya, wata tsohuwa ce ta bar mana tukuici da abin da ya rage mata na guzuri. Ba a karɓar ko kirshi a kan wannan tafiya. A zamanin maigidana farashin mai ɗaya ne, babu wanda ya tambaye shi sunanta. Ranar da zai cika bai yi mini wasiyyar komai ba sai kada tukwanen nan su tsaya.

To matuƙin jirgin, Rayyis Usmanu, mutumin Sawakin ne da ya yi aiki da maigidana tun ana tafiya da filafilai. Yana da sanda mai tsaga-tsaga da yake tsomawa a tanki kafin fita da bayan dawowa. Bisa ga sandar nan, a watannin haji kamun kifi yana cin rabin man ko ya ɗara kaɗan, haya ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran na kunu ne. Ka ga inda na tsaya, ranka ya daɗe. In tafiyar kunu tana bin kifi, rantsuwar kashi biyu cikin uku gaskiya ce. In tana bin haya, ƙarya ce. Ni kuwa ban san wadda take bi ba, kuma ba ni na kafa dokar ba balle in yanke.

Na je rumbunku da kaina sau ɗaya, tare da ƙanin mijina, na tsaya daga bakin ƙofa. Katibinku, wato magatakardan da ke zaune kusa da famfon mai, ya karɓe mu da mutunci, har ya sa aka kawo mini kujera. Ya ce shi bai san wani suna na uku ba, in faɗi abin da kowa ke faɗi, shi ke nan, babu mai bina teku ya duba. Na san taimakona ya nufa, kuma ina roƙon kada a yi masa faɗa saboda wasiƙar nan. Sai dai ni tun ina yarinya a gaban allo ban saba haɗa sunan Allah da abin da nake tsammani ba. Don haka na zaɓi ta ƙarshe, duka haya, na biya cikakke. Na dawo gida raina wasai, na ɗauka magana ta ƙare.

Abu na uku, wanda shi ya sa ni rubutu, shi ne ba ni kaɗai ke biya ba. Al'adar teku ka san ta: kuɗin mai ake fara cirewa daga abin da aka samu, sannan a raba saura, rabi na jirgi, rabi na Rayyis da mutum biyun da ke tare da shi. Ashe duk tsoron rantsuwar da nake yi, daga cikin tukunyar matansu nake biyan rabinsa. Na ce zan ɗauke bambancin daga rabon jirgi. Rayyis ya ƙi, ya ce ba a taɓa yin haka a bakin ruwan nan ba, in aka ji za a ce mace na ciyar da shi sadaka, kuma shi ma yana son a rubuta masa ladan kunun.

Sai ya ɓullo da dabararsa. Ya ɗaura ƙugiya a igiya, duk tafiyar kunu ya sake ta a bayan jirgi tana bin ruwa. Wata rana har ta kamo ƙaton kifi, ya kawo mini shi gida yana dariya, ya ajiye a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ga shaidarki. Yau kamun kifi muka je, kunu ne ya roƙi mu rage masa hanya." Na yi dariya har na riƙe ciki, muka soya kifin, unguwa ta ci. Amma da na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, tambaya ɗaya ya yi mini: da babu tukwanen, jirgin zai fita a wannan lokacin ya nufi wannan wurin? Na ce a'a. Nan na gane ƙugiya ba ta mayar da tafiyar ta kamun kifi ba. Washegari na karɓi ƙugiyar daga hannun Rayyis, tana nan cikin gwangwanin allurata.

Bai yi fushi ba, mutumin kirki ne. Amma ya zo ranar Juma'ar da ta wuce, ya zauna a dakali bai sha shayin da na aika masa ba. Ya ce yana da 'ya'ya mata da za a aurar, abokan aikinsa kuma sun fara gunaguni. Zai jira har a ga watan Zulƙida. In an ga wata ina nan kan duka haya, to ko dai a bar tafiyar kunu a rantse a kan kashi biyu cikin uku cikin kwanciyar hankali, ko kuma ya koma jirgin wani Bayamane da ya daɗe yana nemansa. Ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya san hanyar tsibirin nan tsakanin duwatsun ruwa kamarsa, kuma shi ya wanke maigidana.

Saboda haka ga roƙona, Allah ya ja zamaninka. Ba rangwame nake nema ba. Ka ba tafiyar nan suna kawai. In ka ce tana bin kamun kifi tun da ba a karɓar kuɗi, zan aika a rantse a kan kashi biyu cikin uku, zuciyata a sake. In kuwa ka ce tana bin haya, na karɓa da hannu biyu, sai dai ka yarda a ƙara zaɓin rabi da rabi, don wannan ita ce gaskiyar jirgina, kuma Rayyis ya ce zai zauna a kanta. In kana son gani da ido, sandarsa na nan, katibinka ya tsoma da hannunsa. Kuma duk abin da ka yanke, a karanta shi a rumfar matuƙa, don na ji akwai mai jirgin da ke kai wa ma'aikatan fitilar teku ruwan sha kyauta, shi ma bai san abin da zai ce ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a cikin awonku, ya raba ka da haƙƙin kowa, ya jiƙan iyayenka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Matan unguwa sun riga sun surfa gero, tsamiya na jiƙe, Shawwal kuma ya raba. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin a ga wata.

Wassalam.

Rakiya, matar marigayi Malam Bukari, Hindawiyya.